Yadda Za Ka Fara Gane Tsuntsayen Gidanka Da Jin Kukansu

Mutane sun dame ni da tambaya guda, wai ta ina ake fara kallon tsuntsaye, kuma ya ake yi mutum ya ji kuka daga cikin bishiya ya faɗi sunan mai kukan alhali ko gashinsa bai gani ba. Wasu sun ɗauka sai an sayi kamara mai dogon baki ko an shiga daji. To ba haka ba ne jama'a. Kunne ne gaba a wannan harka, ido na biye da shi, waya kuma ita ce ta ƙarshe, kuma yawancin waɗanda suka fara suka watsar sun juya tsarin ne, suka fara da waya. Ga yadda za ka bi, amma don Allah kar ka tsallake mataki don ka ga kamar ya yi sauƙi da yawa.

1. Abin da za ka tanada

Ƙaramin littafi da zai shiga aljihu, fensir, sai wayar da ke hannunka. Shi ke nan. Fensir na ce ba biro ba saboda raɓa ko yayyafi na iya ɓata tawada. Kujera ko wani abin zama ma na da amfani don tsayuwa na sa mutum yawan motsi.

A wannan matakin ba za ka kashe ko sisi ba sai ɗan data na sauke manhaja, ita ma sai mun zo mataki na 7. Madubin hangen nesa shi ne kaɗai abu mai tsada a harkar gaba ɗaya, kuma ka bar shi tukuna, kar ka saya sai ka tabbata abin ya shiga ranka.

2. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya

Ka zaɓi wuri guda a gidanka ko kusa da shi, inda kake hango bishiya ko shinge ko rufin ɗaki, ka riƙa komawa nan ɗin kullum. Dalili kuwa tsuntsayen gida suna da wuraren da suka saba, wanda ya yi kuka a kan wancan reshen yau da wuya gobe ba ka same shi a nan ko kusa da nan ba, to maimaicin nan shi ke koya wa kunne. In kana canza wuri kullum, kullum baƙin murya za ka yi ta ji.

Lokaci mafi kyau shi ne asubar fari, kamar minti 30 kafin fitowar rana zuwa hantsi. A lokacin ne suka fi ɓarkewa da waƙa, iska a kwance, ƙarar motoci da injina ba su tashi ba. Da rana ta take sai yawancinsu su yi tsit, su sake ɗan tasowa da yamma kafin faɗuwar rana.

Gargaɗi: ranar farko kar ka fita a daidai lokacin da suka haɗa baki gaba ɗaya, kanka zai ɗaure ka ce abin ba zai yiwu ba. Ko dai ka riga su fitowa, tun da sauran duhu, ka ji suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, ko ka bari sai rana ta ɗan ɗaga hayaniyar ta ragu. Ni na fi son na farkon, saboda kusan kullum da tsari suke shigowa, wanda ya buɗe fage yau shi zai buɗe gobe. Ranar da ake iska mai ƙarfi kuwa ka huta abinka, ba abin da za ka ji.

3. Ka zauna, ka kasa kunne, ka manta da suna

Minti 10 zuwa 15 sun isa. Sa waya a shiru ka kife ta. Da ka zauna za ka ga wurin ya yi ɗif saboda sun gan ka, kar ka tashi, 'yan mintuna kaɗan za su ci gaba da harkarsu in dai ba ka motsi da sauri. Kaya masu ƙyalli ko fari tas suna sa su tsorata, ka sa mai duhu-duhu.

Rufe ido ka ƙirga muryoyi nawa kake ji daban-daban, ba sunansu ba, adadinsu kawai. Sai ka zana ɗigo a tsakiyar takarda, kai ke nan, duk kukan da ka ji ka sa alama a ɓangaren da ya fito, dama ko hagu, kusa ko nesa, sama ko ƙasa. Daga nan ka ɗauki murya ɗaya tak, wadda ta fi yawan maimaituwa, ka bi ta ka ƙyale sauran. Wannan ƙyalewar ita ce ta fi ba sabon shiga wuya, kana bin wannan sai wani ya rangaɗa ta bayanka hankalinka ya tafi can, ka dawo ka rasa na farkon, ka tashi ba ka riƙe ko ɗaya ba.

In kukan na nesa ne ka sa tafin hannunka biyu a bayan kunnuwa ka ɗan turo su gaba, ka riƙa juya kai a hankali. Za ka yi mamakin yadda sautin zai ƙaru, kuma inda ya fi ƙarfi nan mai shi yake.

4. Tambayoyin da za ka yi wa kowane kuka

Nan ne ainihin aikin yake, don haka zan ɗan daɗe a nan.

Na farko, yaya muryar take? Fito ce siririya, ko gurnani daga maƙogwaro, ko ƙara mai kaushi, ko karkarwa mai sauri? Wannan kaɗai yana raba dangi da dangi, duk wani "kuu" mai laushi daga ƙirji kusan dangin kurciya ne, kafin ma ka san wacce ce.

Na biyu, gaɓa nawa? Ka ƙirga da yatsa. Uku ne ya tsaya, ko shida, ko kuwa jero su yake yi har sai ka gaji da ƙirga?

Na uku, hawa yake ko sauka, ko a miƙe yake? Ka zana shi a littafinka, layi mai hawa in yana hawa, ɗigo-ɗigo in a yanke yake, layi mai lanƙwasa in yana karkarwa. Ba wanda zai duba maka, kai dai ka gane abinka.

Na huɗu, kiɗan. Ina yake ja, ina yake sauri, ina yake numfasawa, kuma daƙiƙa nawa yake yi kafin ya maimaita? Ka ƙwanƙwasa shi da yatsa a gwiwarka. Mutane sun fi saurin manta tsayin murya, amma kiɗa yana zama a kai.

Na biyar, daga ina yake fitowa, ƙololuwar bishiya, cikin duhun shinge, ƙasa, ko a sama yana shawagi? Da wane lokaci?

Bayan nan ka kwaikwaye shi da bakinka a hankali, ka rubuta yadda ya faɗo maka, "tiyu-tiyu-tit" ko "hu-hu-huuu-hu". In ka iya ɗora masa 'yar jimla da ta dace da kiɗan to ka gama da shi, ba za ka sake mantawa ba. Mu masu Hausa muna da sa'a a nan, kunnenmu ya riga ya saba da hawa da saukar murya a magana, jimlar da ka ƙirƙira da kanka za ta ɗauko karin kukan fiye da duk wadda za ka karanta a littafin wani harshe.

Kuskuren da ake yawan yi: a ɗauka tsuntsu ɗaya kuka ɗaya gare shi. Akwai waƙa, doguwa mai tsari, ta kare wurin zama da neman abokin aure. Akwai kuma gajeren kira, "cit" ko "cak", na sanar da 'yan'uwa inda ake ko na gargaɗi in kyanwa ko shaho ya gitta. Ga kuma kukan 'ya'ya masu roƙon abinci, siriri mai naci. Kai dai ka fara da waƙa, gajerun kiran nan ko ƙwararru suna shan wuya da su. Kuma kar ka ce duk mai waƙa namiji ne, a ƙasashe masu zafi mata da yawa suna yi, wasu ma miji da mata ke haɗa waƙa ɗaya, shi ya fara ita ta ƙarasa a take har ka rantse baki ɗaya ne.

5. Bi kukan har ka ga bakin da ke yin sa

Ba ka san kuka ba sai ranar da ka ga tsuntsun da idonka yana yin sa, maƙogwaro na kumbura ko baki na buɗewa daidai da sautin. Ganin tsuntsu a bishiyar da kuka ke fitowa ba hujja ba ce, sau da yawa wanda ke zaune a fili shiru yake, mai kukan na ɓoye a bayan ganye.

Kar ka nufe shi kai tsaye. Ka bi ta gefe a hankali, ka taka lokacin da yake kuka, ya yi shiru ka tsaya. Ka sa rana a bayanka, in tana gabanka baƙin inuwa kawai za ka gani. Kuma kar ka zuba ido kana neman tsuntsu, motsi za ka nema, ganye ɗaya da ya girgiza alhali babu iska.

Da ka gan shi ka lura da girma tukuna, ya kai gwara, ko kurciya, ko hankaka? Sai siffar baki, gajere mai kauri na masu cin tsaba ne, siriri na masu cin ƙwari, dogo mai lanƙwasa na masu tsotsar fure. Sai tsawon wutsiya, sannan launi a ƙarshe, don launi ya fi komai yaudara, haske na canza shi, kuma mace da ɗan tsako sau da yawa ba su kama da namiji. Ka rubuta kafin ka buɗe littafi ko waya, in ka fara duba hoto ƙwaƙwalwarka za ta gyara abin da ka gani ya dace da hoton.

6. Fara da 'yan gida

Akwai nau'in tsuntsaye kusan 11,000 a duniya, amma waɗanda ke cika maka kunne a gida ba su taka kara sun karya ba. Ka riƙe biyar kacal da farko. In ka san su sosai kunnenka zai riƙa tace su da kansa, duk baƙon da ya shigo za ka ji ya fita daban. Ga waɗanda masu karatu da yawa za su samu a kusa, na haɗa da sunan kimiyya saboda da shi za ka nemo rikodin ɗinsu, in kuma na wajenku daban ne hanyar dai ɗaya ce.

Kurciya, Spilopelia senegalensis. Kuka mai taushi, gaɓa biyar zuwa shida, ya ɗan hau a tsakiya ya gangaro kamar mai dariya ƙasa-ƙasa. Tana da ɗige-ɗige a gaban wuya. Hattara, akwai danginta masu baƙin rabin zobe a ƙeya, kukansu daban ne, kar ka haɗa su a suna ɗaya.

Hasbiya, Columba guinea. Ta fi kurciya girma sosai, jan fata zagaye da ido, fararen ɗigo a fiffike, tana son kan rufi. Kukanta mai zurfi ne, "ku-ku-ku-ku" a jere yana ƙara ƙarfi.

Hankaka, Corvus albus. Wannan kam kowa ya san shi, amma ka saurare shi da kyau, bayan ƙarar nan mai kaushi yana da wasu 'yan gunaguni da yake yi in yana zaune shi kaɗai.

Bulbul, Pycnonotus barbatus. Ruwan ƙasa ne, kansa ya fi duhu da ɗan tukku, ba shi da wani ado. Yana cikin masu fara buɗe baki da asuba, gajeruwar waƙa mai fara'a gaɓa huɗu zuwa shida, ya yi ta maimaitawa. Mutane da yawa sun shekara suna jin sa ba su taɓa ɗaga kai sun ga mai yi ba.

Ragon maza, Centropus senegalensis. Jajayen fukafukai, baƙin kai da doguwar baƙar wutsiya, ƙirji fari-fari, jan ido, ya fi son rarrafe cikin shinge da ciyawa a kan tashi. Kukansa "hu-hu-hu-hu" mai zurfi yana gangarowa, kamar ana tuttular da ruwa daga kwalba mai ƙaramin baki. Sau da yawa wani na amsa masa daga nesa.

In akwai manyan bishiyoyi za ka iya samun cilakowa, Lophoceros nasutus, tana ɗaga baki sama tana fito siriri mai tsawo, da alhudahuda, Upupa epops, mai "hup-hup-hup" sau biyu ko uku.

Na dare kuma a yi hattara, ba duk mai kuka ne tsuntsu ba. Gyare da kwaɗi suna ruɗa sabon shiga, haka jemage mai cin 'ya'yan itace, yana yin wata ƙara "tin, tin, tin" a jere cikin bishiya. Ita kuwa farar mujiya, Tyto alba, ba ta yin "huu" ɗin da ake zato, wani dogon ihu ne mai kaushi.

7. Yanzu ɗauko waya

Ka fara da rikodin. Makirfon yawancin wayoyi a gindi yake, to gindin za ka nuna wa tsuntsun. Ka matsa iya yadda zai bari, ka tsaya cak, kar ka riƙa shafa wayar ko taka busasshen ganye don duk zai shiga ya danne kukan. Ka ɗauki daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, a ƙarshe ka faɗi kwanan wata da lokaci da abin da ka gani da bakinka. Kar ka ɗauka da saƙon murya na WhatsApp, yana matse sauti ya yanke siraran muryoyi, ka yi amfani da manhajar rikodin, in tana da zaɓin WAV, tsarin ajiye sauti da ba ya matse shi, ka sa shi.

Manhajojin gane kuka guda biyu ne suka fi shahara kuma duk kyauta ne. Merlin Bird ID ta sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell a Amurka, wadda aka ƙara mata gane sauti a 2021, tana saurare tana jero sunaye nan take. Sai BirdNET, haɗin gwiwar Cornell da wata jami'a a Chemnitz ta Jamus, ita kuma kai za ka zaɓi guntun sautin ka tura mata. A Merlin ka sauke kunshin tsuntsayen yankinku lokacin da kake da data mai yawa, ka kuma kunna mata wurin da kake, in ba haka ba za ta kawo maka tsuntsun wata nahiya.

Babban gargaɗi: abin da manhaja ta faɗa shawara ce, ba hukunci ba. Sun fi ƙwarewa a tsuntsayen Amurka ta Arewa da Turai saboda rikodin ɗin can ya fi yawa, a wasu yankunan akwai tsuntsaye da yawa da ba su sani ba sam, wani lokaci su yi shiru, wani lokaci su laƙaba sunan wani. Ƙarar ƙofa ko fiton yaro ma na iya ruɗa su, ga kuma tsuntsaye masu kwaikwayon kukan wasu. Don haka ka fara cankar naka, sannan ka duba nata, sannan ka shiga xeno-canto, wani rumbun kukan tsuntsaye a intanet da aka buɗe tun 2005, ka rubuta sunan kimiyyar ka saurari rikodin uku ko huɗu, ka fi ba waɗanda aka ɗauka kusa da yankinku muhimmanci don tsuntsu ma karin waƙarsa na canzawa daga wuri zuwa wuri.

Akwai wani zanen sauti da ke gudana a fuskar wayar lokacin da manhajar take saurare, ka koyi karanta shi. Hagu zuwa dama lokaci ne, ƙasa zuwa sama kaurin murya zuwa sirantarta. Fito yana fitowa siririn layi, ƙara mai kaushi kuma ta fito a dame. Kusan irin zanen da ka yi da fensir ne a mataki na 4.

Sai abin da ba na so ko kaɗan, kunna wa tsuntsu kukan ɗan'uwansa a sifika don ya fito. Zai fito ɗin, amma a zatonsa abokin gaba ne ya shigo masa, ya bar sheƙa da 'ya'ya yana neman wanda babu. Ka saurara da abin kunne a ɗaki. In kuma ka ci karo da sheƙa ka ja baya, kar ka taɓa, kar ka yanke ganyen da ya rufe ta don ka ɗauki hoto.

8. Jawo su kusa da ruwa

Faranti mai faɗi marar zurfi, ruwan kar ya wuce santimita 3 zuwa 5, ka sa dutse a ciki don ƙananan su samu wurin tsayawa. Ka ajiye shi a inuwa, kusa da bishiya amma ba jikin duhuwar da kyanwa za ta laɓe ba. Ruwa ya fi tsaba jawo iri-iri, don har masu cin ƙwari suna zuwa. Ka canza ruwan duk bayan kwana biyu ka goge farantin, in ka bar shi ya kwana bakwai sauro ka kiwata, kuma ruwa mai datti na yaɗa cuta tsakaninsu.

9. In ka tashi sayen madubin hangen nesa

Nemi wanda aka rubuta 8x42 ko 8x32. Lambar farko yawan kusantowa ce, ta biyun faɗin gilashin gaba a milimita. Mai 10 a lambar farko ya fi kusantowa amma hannu na rawa da shi kuma filin da kake gani ya fi ƙanƙanta, sabon shiga zai yi ta ɓatar da tsuntsu. Waɗanda ake zuƙowa da su, da masu jan gilashi da manyan lambobi a jiki, ka rabu da su komai arharsu. Na hannu mai kyau ya fi sabo marar kyau, amma ka leƙa kafin ka biya, in ka ga abu ya rabu biyu ko idonka ya fara ciwo to a karkace yake, ajiye shi.

Saita shi sau ɗaya: rufe gilashin dama, ka juya dabaran tsakiya har abin ya fito wa idon hagu tas, sai ka rufe na hagu ka juya ɗan zoben da ke jikin na dama har shi ma ya fito. Daga nan dabaran tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa. Wajen amfani kuma ka kafe tsuntsun da ido, ka ɗago madubin zuwa idonka ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Kar ka kuskura ka kalli rana da shi, yana iya lalata ido nan take, kuma kar ka nuna shi wajen tagogi ko tsakar gidan maƙwabta, rigima ce za ka jawo wa kanka a banza.

10. Ƙara ɗaya-ɗaya, ka riƙa rubutawa

Bayan biyar ɗin farko sun zauna, sabon kuka ɗaya a mako ya isa. Kowace fita ka rubuta kwanan wata, lokaci, yanayin gari da waɗanda ka ji, wanda ba ka gane ba ka ba shi sunan wucin gadi, "mai fito uku na kan shinge", har ranar da asirinsa zai tonu. Bayan 'yan watanni littafin zai nuna maka wanda ke nan duk shekara, da wanda ke zuwa da damina, da wanda ya yi shiru bayan ya gama kiwon 'ya'ya alhali yana nan bai je ko'ina ba.

In kana so lissafinka ya amfani masu bincike, ka buɗe asusu a eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke shigar da lissafinsu, kyauta ne, yana aiki tun 2002, kuma tsuntsun da ka ji ba ka gani ba shi ma ana sa shi matuƙar ka tabbata. Akwai kuma ƙidayar tsuntsayen gida ta duniya da ake yi kwana huɗu a kowane watan Fabrairu, minti 15 kawai ake nema daga gare ka a inda kake zaune. Wanda kake shakka a kansa kar ka shigar da shi, ka bar shi a littafinka tare da rikodin ɗinsa sai ka samu wanda ya fi ka sani ya saurara.